Ketar da Maharazu Bai Gani Ba

Saura sakan goma sha ɗaya a tashi wasa, 'yan Mashi na gaba da maki ɗaya tak, talatin da tara da talatin da takwas. Maharazu na bin gefen fili da gudu, usur a bakinsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Shi kaɗai ne alƙalin wasa. Na biyun da aka ce zai zo daga Katsina bai zo ba, bai kuma aiko da dalili ba.

Wasan ƙarshe ne na ƙwallon kwando tsakanin 'yan matan kwalejoji, ana yin sa a wata kwaleji da ke bayan garin Daura, kan hanyar Zango. Shekara ta uku ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar, kuma da ƙyar aka bar wasan mata ya ci gaba. Kwamitin da ya amince ya kafa sharuɗɗa. An kewaye filin da zana mai tsayi. 'Yan kallo mata ne zalla. 'Yan wasa na sa dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi da ake kama shi da fil. Maza biyu kawai ke shiga, alƙalin wasa, saboda babu macen da ta samu takardar alƙalanci, sai shugaban kwamitin. Akwai kuma wani sharaɗi da aka rubuta da manyan baƙaƙe: duk yarinyar da ta buɗe wa wata jiki ko kai da gangan, za a aika rahoto makarantarsu, kuma makarantun duk sun sa hannu cewa hukuncinta kora ne.

Ƙwallo na hannun Haulatu, kyaftin ɗin Daura. Ta zille wa ɗaya, ta zille wa ta biyu, ta nufi kwando. Mace ɗaya ta rage a gabanta, Firdausi mai lamba tara, doguwar yarinyar Mashi da ta hana su sakat tun safe. Mata na dukan bokitai da jarkoki, ƙara kamar za ta ɗage zanar.

Haulatu na saura taku uku ta kai ga Firdausi, Maharazu ya ga hijabinta ya zame baya. Goshinta ya fito, sannan kitso, ƙananan layuka har tsakiyar kai.

Ya kau da kai. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, wuyansa ne ya juya da kansa, domin haka aka rene shi tun yana ƙarami. Ya runtse ido, ya ji karon jiki da jiki, ya ji wani abu ya faɗi kan siminti, ya busa usur da duk ƙarfinsa.

Da ya buɗe ido, Haulatu na ƙasa ta rufe kanta da hannuwa biyu, ƙawayenta sun yi mata zobe. Ƙwallo ta gangara waje. Firdausi na tsaye, hijabin Haulatu a hannunta.

"Ta fizge mata!" in ji wata murya daga cikin 'yan kallo. Nan take ɗaruruwan baki suka ɗauka. "Ta tsiraita ta! Muguwa! A fitar da ita!"

Usur ba ya tashi a banza. Duk wanda ya busa shi dole ya faɗi abin da ya busa. Maharazu ya san akwai magana ɗaya ta gaskiya da zai iya yi, wato ya tsayar da wasa ne don yarinya ta rufe kanta, kuma bai ga abin da ya biyo baya ba. Amma mata ɗari uku na ihu a kansa, wasu har sun fara tsallako igiya. Ya ɗaga dunƙulen hannu. Sannan ya kama wuyan hannunsa da ɗaya hannun, alamar keta da gangan, ya nuna lamba tara ga mai rubuta maki.

Tsoro ne da kunya suka ɗaga hannun nan. Kada kowa ya nema masa wani suna.

Firdausi ta tako har gabansa. Ba ta yi ihu ba.

"Malam, ka ga na ja?"

"Fita daga fili."

"A kan hannuna ya faɗo, na ɗauka in rufa mata. Malam, don Allah ka ga na ja?"

"Na ce ki fita."

Ta miƙa hijabin ga wata 'yar Daura, aka fizge shi daga hannunta da tsaki. Ta fita. Haulatu ta gyara kanta, aka ba ta jifa biyu ba mai tare ta. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta yi yawo a bakin zobe kamar ba za ta shiga ba, ta faɗa. Arba'in da talatin da tara. Aka ba Daura ƙwallo, suka yi ta miƙa wa juna har lokaci ya cika.

Ba a ba da kofi ba. Kafin a ɗauko shi daga kan tebur, Hajiya Kande, mai horar da 'yan Mashi, ta ɗora hannunta a kai. Gajeruwar mace ce mai kauri, ta kusa shekara hamsin, muryarta ta dishe saboda ihun wasa.

"Ina da ƙara," in ji ta. "Ba wanda zai taɓa wannan sai an saurare ni."

Aka koma ofishin wasanni, ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kabad cike da tsofaffin raga. Alhaji Ma'aruf, shugaban kwamitin, ya zauna a bayan tebur. Tsohon magatakardan kotu ne, ya yi shekara talatin yana rubuta maganganun mutane, bai cika gaggawar magana ba. Zakiyyu, sakataren wasanni na kwalejin, ya shigo da takardar rahoto ya ajiye gaban Maharazu da biro. Shi ba a bar shi ya shiga fili ba, a bakin ƙofa ya ji labari, amma har ya cike takardar da hannunsa. Sa hannun alƙali kawai ya rage.

"Kafin ya sa hannu," in ji Hajiya Kande, "Alhaji, kai ka ga abin da ya faru?"

"Ina can ɗaya ƙarshen, Hajiya. Bayan yara kawai na gani. Ko tabarau ban sa ba."

"To. Ni ma an tare mini. Saura mutum ɗaya da aikinsa shi ne gani." Ta juya. "Malam Maharazu, kai ɗan Daura ne ko?"

"Ɗan Daura ne."

"Gidanku?"

"Kusa da Kusugu."

"Madalla. A tsakiyar gari ma."

"Hajiya, ki iya bakinki," in ji Zakiyyu. "Shekara goma sha tara yana busa, ba a taɓa cewa ya yi son kai ba. An ci ku, ku haƙura. Kowa ya sha kashi sai ya ce alƙali ne."

"Wa ya yi maganar ci? Ku riƙe kofinku, ku dafa shayi a ciki. Ni yarinya nake magana. Wata uku ya rage ta yi jarrabawar fita. Takardar nan in ta isa Mashi, ranar Litinin za a ɗora mata akwatinta a kai."

"Ai ita ta jawo wa kanta."

"Ka gani?"

"An gaya mini."

"To rufe mini baki, tunda an gaya maka ne." Ta dafa tebur da hannu biyu. "Alhaji, abu ɗaya nake nema. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya ce ya ga hannun Firdausi ya ja hijabin nan da idonsa. In ya rantse, wallahi ni da kaina zan kai takardar, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Alhaji Ma'aruf ya shafa gemu.

"Babu rantsuwa a littafin dokar wasa, Hajiya."

"Korar yarinya daga makaranta fa, a littafin wasa take? Ku kuka ƙara ta, kuka ce don addini. To a bi addinin har ƙarshe. Ko ana yanke wa mutum hukunci ba shaida?"

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya jawo ta daga gaban Maharazu ya kife ta.

"Ta faɗi gaskiya. Maharazu, kana da ja?"

A nan ma ƙofa ta buɗe masa. Kalma uku sun isa: ban gani ba. Maharazu ya ji su a kan harshensa, ya dubi Zakiyyu, ya dubi taga inda 'yan matan Daura ke waƙa suna tafi, ya ce, "Ba ni da ja, ranka ya daɗe."

"To bayan sallar azahar, a ɗakin nan. A kawo yaran biyu."

Saura kusan awa ɗaya a kira salla. Maharazu ya fita ta bayan ofis don kada ya bi cikin taro. Hanyar ta bi da shi ta gindin wata bishiyar darbejiya inda aka ajiye motar 'yan Mashi. Sauran 'yan matan na ciki sun yi jugum. Firdausi na zaune a kan matakalar mota, ta cire takalmi ɗaya, tana riƙe da shi. Ya so ya wuce. Ta miƙe tsaye, saboda ladabi, kuma wannan ya fi zagi zafi.

"Malam."

"Ba a magana da alƙali kafin zama."

"Ba roƙo zan yi ba. Babana manomi ne, bai san ƙwallon kwando ba, bai san keta ba. Abin da zai ji kawai shi ne na tsiraita 'yar mutane a gaban maza. Da ƙyar yayana ya shawo kansa ya bar ni na zo kwaleji." Ta dube shi. "In ka gani, ka faɗa. Ni dai na san ban ja ba. Amma abin ya yi sauri, har na fara cewa ko hannuna ya yi abin da ban sani ba. Kai kana gefe, kai ka fi ni gani."

Ya wuce. Yarinyar ta fara shakkar hannunta ne saboda ta yarda da idonsa, idon da yake rufe.

A bakin famfon masallacin kwaleji Zakiyyu ya same shi. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun suna yara ba sa haɗuwa ba tsiya.

"Bawana, yaya na ga fuskarka kamar an aiko ka da saƙon mutuwa? Rantsuwa ce fa, ba yanka ba."

"Zakiyyu, ban gani ba."

Zakiyyu ya yi dariya, sannan ya ga babu wasa a fuskar. Ya waiga hagu da dama, ya tsuguna kusa da shi.

"Me ba ka gani ba?"

"Komai. Hijabin ya fara zamewa tun kafin ta kai wurin yarinyar. Na ga kanta, na kau da ido. Ido rufe na busa."

"Inna lillahi. Wa ka gaya wa?"

"Kai."

"To ya tsaya a kaina." Ya matso har kafaɗarsu ta haɗu. "Saurara, kai wawa. Mata ɗari uku sun ce ta ja. Duk ƙarya suke yi? Idonsu idonka ne. Hijabi a hannun wa aka gan shi? Ai ba a hannuna ba."

"Ba za a ce in rantse da idonsu ba."

"Ka san abin da zai faru in ka buɗe baki? Ɗaya, an soke wasa, kofin da muka yi shekara shida muna nema ya tafi. Biyu, waɗanda ke jira su rufe wasan matan nan sun samu abin da suke so, za su ce ga shi nan, namiji ya tsaya yana kallon kitson 'yar mutane. Uku, kai. Alƙalin da ke rufe ido! Ko wasan 'yan firamare ba za a sake ba ka ba. Yaran unguwa za su riƙa runtse ido in ka zo wucewa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Mahaifin Haulatu a sahu ɗaya kuke salla. Za ka tsaya ka ce ka ga kan 'yarsa?"

Maharazu ya buɗe famfo. Ruwan ya zo da zafi, rana ta dafa bututun.

"In kuma ba ta ja ba fa?" ya ce.

"In kuma ta ja fa? Ka ga ba ka sani ba. To bar shi a yadda ka busa. Ka rantse, ka yi istigfari, ka yi azumi uku. Allah Mai gafara ne."

"Wannan ba irin rantsuwar da azumi ke gogewa ba ce, kai ma ka sani."

"Ni ba malami ba ne, sakatare ne." Zakiyyu ya miƙe yana karkaɗe riga. "Yarinyar nan ba ka san ta ba, gobe ba za ka ƙara ganin ta ba. Mu kuwa da mu za ka kwana, da mu za ka tashi. Ka tuna wannan."

Irin shawarar Zakiyyu ba ta da wuyar samu a gari. Mai ba da ita ba ya ganin kansa mugu, gani yake yana taimakon ɗan'uwa. Kuma ba shi zai dafa littafin ba.

Aka yi salla. Maharazu bai san me ya karanta ba. A raka'a ta biyu ya tashi lokacin da ake zaune, na kusa da shi ya ja masa riga. Da aka sallame bai tsaya addu'a ba, ya koma famfo ya sake alwala, ko da yake ta farkon ba ta karye ba. Yana wanke fuska yana lissafi. Wataƙila ta ja. Doguwa ce, hannunta na sama, ba abin mamaki ba ne yatsa ya kama. In ta ja, rantsuwarsa ta dace da gaskiya ko da bai gani ba. Ya riƙe wannan tunanin har ya wanke ƙafa, ya ga ba ya riƙuwa. Ba za a tambaye shi ko ta ja ba. Za a tambaye shi ko ya gani.

Duk da haka, da ya nufi ofis bai yanke komai ba. Ya kamata a faɗi wannan, don kada a ɗauke shi gwarzo.

An cika bakin ofishin. 'Yan matan Daura sun zauna a baranda, da suka gan shi suka yi masa tafi. "Sai Malam! Alƙalin gaskiya!" Ya sunkuyar da kai ya shiga, Zakiyyu ya rufe ƙofa.

A kan tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, an ɗora Alƙur'ani cikin gafakar fata. Alhaji Ma'aruf ya sa tabarau. Hajiya Kande na tsaye jikin kabad, ta harɗe hannu. Yaran biyu na zaune a benci ɗaya, kowace a ƙarshe, sun sa manyan hijabai har ƙasa.

"Haulatu," in ji Alhaji, "ke aka yi wa. Me kika ji?"

"Baba, na tashi sama, sai na ji iska a kaina. Sai na saki ƙwallon na rufe."

"Kin ji an ja?"

Ta shiga wasa da yatsu.

"'Yata, ba ƙawayenki nake tambaya ba."

"Mun yi karo dai. Ban sani ba, Baba. An ce ta ja."

"An ce." Alhaji ya rubuta wani abu. "Firdausi?"

"Ban ja ba, Baba. A hannuna ya faɗo."

"To. Ɗaya ba ta sani ba, ɗaya ta musa. Maharazu, da alwala?"

"Da ita."

"Matso. Ka san nauyin abin nan, ba sai na karanta maka ba. Na ga mutane da yawa sun dafa shi a kotu, na kuma ga yadda wasunsu suka ƙare. Ka ɗora hannun dama, ka ce ka rantse da Allah ka ga hannun Firdausi ya ja hijabin Haulatu, da idonka, da gangan."

Alhaji ya zare littafin daga gafaka. Maharazu ya matso. Ya ɗaga hannu. Fankar sama ba ta aiki, gumi na bin bayansa. Ta taga ana jin 'yan mata sun fara wata waƙar. Zakiyyu ya yi gyaran murya a bayansa. Hannun ya sauko har ya kusa taɓa bangon littafin. Firdausi ta ɗago kai tana kallon hannun, ba fuskarsa ba, kamar mai jiran a gaya mata abin da ita kanta ta aikata.

Ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Maharazu!" in ji Zakiyyu.

"Kai, yi mana shiru," in ji Alhaji, bai ko dube shi ba. "Maharazu, ƙara faɗa, da ƙarfi, ina rubutawa."

"Ban ga ta ja ba."

"Me ka gani?"

"Na ga hijabin ya zame da kansa, saura taku uku su haɗu. Babu hannun kowa a kai. Na ga..." Ya tsaya. "Kanta ya fito. Na kau da kai na rufe ido. Ido rufe na busa usur."

Haulatu ta ja hijabi ta rufe fuskarta duka, ta kifa kai a gwiwa. Kafaɗunta na motsi.

"Kau da kai ba laifi ba ne," in ji Alhaji. "Da ni ne ma haka zan yi. Da ka buɗe ido fa?"

"Na ga hijabi a hannunta, ana ihu."

"Sai ka ba da keta."

"E."

"Ta ganganci."

"E."

"Kana sane da abin da ke bayan ta ganganci? Ka karanta sharaɗin?"

"Na karanta."

"Yarinyar ta tambaye ka a fili?"

"Sau biyu."

"Na kuma tambaye ka a ɗakin nan ko kana da ja."

"Ka tambaye ni."

Alhaji ya ajiye biro, ya cire tabarau. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka ji kunyar kallon kan yarinya ɗaya na sakan guda, amma ba ka ji kunyar ɗora wa ɗaya abin da zai bi ta har gidan miji ba. Awa biyu tana ɗauke da shi. Wace irin kunya ce wannan, Maharazu?"

Maharazu ya sunkuyar da kai.

Hajiya Kande ba ta yi murna ba. Ta saki hannuwanta, ta zauna a bakin benci. "Wallahi na zaci son kai ne," in ji ta. "Na zaci ka gani ka juya. Ashe ma ba ka gani ba."

"Alhaji, a duba dai," in ji Zakiyyu. "Bai ce ba ta ja ba, cewa ya yi bai gani ba. Wasa ya riga ya tashi, maki na kan takarda. In aka fita da maganar nan..."

"Za a fita da ita, don ni zan faɗa." Alhaji ya ɗauki takardar rahoton da aka kife, ya yaga ta biyu, ya sake yagawa, ya tura gaban Zakiyyu. "Ga aikinka. Gobe kada ka sake cike takarda a kan abin da aka gaya maka a bakin ƙofa. Babu rahoton da zai je Mashi. Maganar kofi ba tawa ba ce ni kaɗai, zan rubuta Katsina, su ce a sake wasa ko a bar shi. Har su amsa yana cikin kabad ɗin nan." Ya juyo. "Kai kuma, zan rubuta abin da ka faɗa yadda ka faɗe shi. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ka san abin da za su yi da takardarka ta alƙalanci."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba za ka sake busa wasa a ƙarƙashin kwamitin nan ba, ko sun bar maka ita."

Maharazu ya gyaɗa kai. Alhaji ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, ya naɗe ƙyallen, ya tashi ya buɗe ƙofa. Waƙar baranda ta tsaya. Ya yi musu bayani a taƙaice, cikin jimla huɗu ko biyar. Sai hayaniya ta tashi, ba irin ta safe ba. Wata ta ce an sayar da su. Wata ta ce makaho aka kawo musu. Wani abu, ƙila robar ruwa, ya daki ƙyauren taga.

Zakiyyu ya tattara yagaggun takardun ya fita bai dubi taubashinsa ba. Wata malama ta shigo ta kama Haulatu ta fitar da ita, fuskarta har yanzu a rufe.

Hajiya Kande ta ce, "Tashi mu tafi, Firdausi, kafin su huce a kan motarmu."

Yarinyar ta miƙe. Sai ta bi ta gabansa kafin ta kai ƙofa, domin ɗakin ƙarami ne. Maharazu ya matsa jikin bango.

"Ki yafe mini," ya ce.

Ta tsaya. Idonta ya yi ja amma babu hawaye.

"Mata ɗari uku sun kira ni muguwa, Malam. Su ba su shigo ɗakin nan ba. Wasunsu sun riga sun hau mota."

"Zan rubuta wa shugaban makarantarku da hannuna. In kina so in je wurin mahaifinki, zan je."

"Ka je," in ji ta. "Ranar Juma'a yana gida."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma gode masa ba, kuma babu abin godiya a ciki. Ta bi bayan Hajiya Kande suka ratsa baranda. Maharazu ya ari biron Alhaji, ya fito ya bi su cikin ihun, don ya tambayi sunan ƙauyen da sunan mahaifin kafin mota ta tashi.